Sungumi a Kan Tayil

Shanono, biyar da rabi na asuba

Ana idar da sallah muka tashi a motar haya, ni da Bilkisu da Saudat da Malam Nura mai koya mana kimiyya. A cinyata, cikin kwali, akwai Sungumi, ɗan mutum-mutumin da muka haɗa, mai tafiya yana zuba irin gero rami-rami. Ƙafafunsa aikina ne: murfin gwangwanin madara na datsa wa haƙora don su kama rairayi. Shekarar ce da fetur ya gagari kowa, kuma shugaban makaranta ya riga ya ce in muka dawo daga gasar kimiyya ta Kano hannu rabbana, ɗakin kulob ɗinmu zai koma ma'ajiyar taki.

A shingen Gwarzo jami'i ya leƙo. "Mene ne a kwalin?"

"Manomi ne, ranka ya daɗe," in ji Saudat. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Nan muka karya da koko da ƙosai.

Rimin Gado, bakwai da minti arba'in

'Yan mata uku ne a bakin titi da nasu kwalin, awa biyu ba mota. Su ma gasar za su.

"Malam, ba wuri," in ji direba.

"A matsa," in ji Malam.

Aka matsa, ni kuwa ina ta ƙunƙuni. Kwalinsu an nannaɗe shi da baƙar roba irin ta ɗaure kaya a keke. Bakina bai iya shiru ba, na ce wa babbarsu, Zulai, "Akuya kuka ɗauro ne?"

"Ke dai riƙe naki," ta ce.

Kano, tara da kwata

Zauren gasar shimfiɗe yake da tayil, sumul kamar faranti. Na ajiye Sungumi don gwaji. Wayyo Allah! Ƙafafun suka hau juyawa ƙir-ƙir a wuri ɗaya, gero na zuba tsibi guda. Wata uku muna gwada shi a gonar Baban Bilkisu, ba wadda ta taɓa tunanin akwai ƙasar da ba rairayi. Saura minti ashirin a kira mu. Na durƙusa na fashe da kuka, don laifin nawa ne.

Sai ga Zulai da robar nan da reza a hannu, ƙawayenta na biye.

"Gayya ce, Hadiza. Miƙo ƙafar."

Mu shida muka duƙufa, wannan na yanka, wannan na naɗawa, Saudat na ja da haƙori. Da aka kira mu Sungumi ya taka tsaf, ya jera iri layi guda, har wani alƙali ya tafa. Su kuwa aka kira su ba su gama ɗaure bututun na'urarsu ta ban-ruwa ba, ya yi ta yoyo a gaban alƙalai.

Mu muka zo na uku, su na huɗu. Takardar yabo kuwa a na uku ta tsaya.

Komawa, bayan la'asar

Kwalinsu ba roba, gindinsa sai buɗewa yake. Na karɓa na rungume shi a cinyata tun daga Kabuga. Da muka kusa garinsu na juya wajen Zulai a kunyace.

"Zulai, mu muka ci muku wuri."

"To ki biya mana," ta ce tana dariya. "Ruwa na sauka ki kawo manomin naki gonar Babanmu."

Ana kiran magariba muka shiga Shanono. Alhamdu lillahi, mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa Malam Nura da ya ce a matsa. Takarda na rataye a ɗakin kulob, taki ya nemi wani wuri. Ruwan farko kuma muka cika alkawari.

Robar tana nan a ƙafafun Sungumi, duk ta tsattsage. Bilkisu ta ce a canza sabuwa. Na ce duk wadda ta taɓa ta, ni da ita ne.