Mai Takalma da Yayansa

A zamanin da Mai Takalma ya buɗe kanti shi da yayansa, doka ta hana mutanen tsallaken kogi zama su gwada takalmi a kantunan cikin gari. Zare suke zuwa da shi daidai tsawon ƙafarsu, su miƙa daga bakin ƙofa. In takalmi ya matse, sai haƙuri.

Wata rana wata tsohuwa ta zo da zarenta. Mai Takalma ya dubi ƙafarta a kumbure, ya jawo kujera.

"Zauna, Iya. Zare ba shi da yatsu."

Ya durƙusa ya sa mata da hannunsa. Manyan masu saye da ke ciki suka tashi suka fice, ba sallama.

"Kanti muka buɗe ko kotu?" in ji yayan.

"Ƙafa dai ƙafa ce, Yaya."

"To, sai ka ci ƙafar."

Aka kira kafinta ya raba kantin biyu da katako. Auta, 'yar Mai Takalma, ta tashi tana jin tarin Baffanta ta bayan katakon, amma ba ta taɓa jin sun gaisa ba.

Da farko babanta ya sha wuya, har gilashin kantin aka fasa masa. Daga baya mutanen tsallake suka yi masa caa, kasuwa ta buɗe, ya kafa masana'anta. Duk matashin da aka kama don ya zauna inda aka hana irinsa zama, shi ke ɗaukar masa lauya. Ya gina musu makaranta. Da aka soke dokar, aka yi ta zuwa yi masa godiya. Auta ta lura ko ana yabonsa, kunnensa yana wajen katako.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ya ce mata, "Je ki gaya wa Baffanki na gaji."

Ta tarar da Baffa yana kakkaɓe kwalaye.

"Shi ya aiko ki? Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Baffa."

"Uwarmu ta cika tana kiran sunansa, shi yana can kotu wajen 'ya'yan wasu. Ni na rufe mata ido. Ya gaya miki wannan?"

Ta sunkuyar da kai. Bai taɓa gaya mata ba.

"Je ki. Zan duba."

Da ta koma, babanta bai dube ta ba, bayanta ya duba.

"Ya ce zai duba, Baba."

Ya yi ɗan murmushi. "Haka yake cewa in ba zai yi abu ba, tun muna yara. Amma bar ƙofar a buɗe."

Ta bar ta a buɗe. Ma'aikatan jinya suna rufewa, tana tashi tana buɗewa, har ranar da ya cika.

Baffa ya zo jana'iza. Ya tsaya can baya cikin mutanen tsallake, ba wanda ya san shi. Da aka watse ya matso kusa da Auta, bai ɗago ido ba.

"Ya tambaye ni?"

Auta ta so ta ce a'a, ta sauƙaƙa masa. Bakinta ya ƙi.

"Kullum, Baffa."