Hamsatu Mai Fura da Ƙwayar Namadi

Ran kasuwar Lolo na saka sabuwar rigata, na tsuguna gaban Hamsatu mai fura da ciwon haƙori da 'yar ƙwayar barci da na saya hannun wani ɗan Dahome. Ina kai ta baki, ludayi ya sauka a hannuna. Ƙwaya ta yi gabas, fura ta yi wa riga ado.

"Wa ya auna maka wagga?" in ji ta.

Ba wanda ya auna. Na zauna ina lasar hannun riga, ta ba ni labari.

Hamsatu 'yar masunta ce, ta tashi da damun fura tun ba ta kai tsayin turmi ba. Aka aurar da ita ga Namadi mai sassaƙa jirgin ruwa, mutum mai hannu, sai dai farfaɗiya kan kayar da shi kusa da gizagonsa. Sun sha rubutu, sun sha hayaƙi. Shekarar samun 'yanci wani malamin asibiti ya ba shi farar ƙwaya, finobabiton, ya ce safe, rana, dare. Faɗuwa ta tsaya. Namadi har ya fara tumbi.

Sai azumi ya kama. Namadi ya ce bana ba ya shan ruwa da rana kamar jinjiri, kuma ba ya saɓa wa malamin asibiti. Da sahur ya haɗa ukun ya kora da kunu, ya ƙara ta huɗu don neman albarka. Haka ya yi ta yi.

Wata rana hantsi ya yi, Namadi bai motsa ba. Hamsatu ta girgiza shi, ta mintsine shi. Numfashi ɗaya, sai a jira, sai a jira, kafin wani ya zo.

"Ƙyale shi, barcin mai azumi lada ne," in ji yayansa Ma'azu.

"Yaya, wanga ladan ya hi ƙarhina."

Maƙwabciya ta kawo madara a ɗura masa, Hamsatu ta hana, ta ce mai barci bai haɗiya. Ta kwantar da shi ta gefe, ta sa aka ɗora shi a jirgin da bai gama gogewa ba, aka tuƙa zuwa asibiti.

Da Namadi ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko azuminsa ya karye. Malamin ya ce maganin nan lallashin ƙwaƙwalwa yake yi, in ya yi yawa ya lallashi numfashi ma, kuma ba ya barin jini da wuri, na jiya kan tarar da na yau. Hamsatu ta ce to kogi za ta zuba maganin. Malamin ya riƙe kai: yankewa lokaci ɗaya na dawo da farfaɗiya da fushi. Ya sake aunawa, sau ɗaya bayan shan ruwa. Kwalbar maganin ta koma cikin lalitar Hamsatu. Namadi ya ƙarasa azuminsa, yau ma ana jin gizagonsa daga bakin kasuwa.

Na ce, "Amma Goggo, bawan Allah ya kusa shiga Aljanna da azumi a baki, kika tare hanya."

Ta ci gaba da damu. "Aljanna ba ta gudu, shi kuwa da sauran jirgi bai gama ba. Kai da ba ka da aiki, sha ƙwayarka, tahi Aljannar ka riƙa mai wuri."