Tuwon Sallar da Ban Tuƙa Ba

Ɗalibaina sun tashi ke nan, ina kankare tukunyar da muka yi dambu, sai cokali ya suɓuce mini. Na sunkuya zan ɗauka, hannuna na dama ya ƙi zuwa. A nan ƙasan kicin maigidana ya same ni da ya dawo daga kasuwa, bakina ya karkace, ina ta kiran sunan Allah shi kuma bai gane abin da nake faɗa ba. Saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi. A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya taɓa mini ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo a hankali, baki ya ɗan miƙe, hannu kuwa ya kwanta a cinyata kamar na aro. Likitan ya ce in an dage da gashi da motsa jiki, mai yiwuwa ya dawo. Na kama wannan "mai yiwuwa" na riƙe gam.

Sana'ata koyar da girki ce, a ɗan kicin ɗin gidan hayarmu a Nyanya. Iyaye su kawo mini 'ya'yansu in biki ya matso, matan ofis da suka gaji da sayen abinci a leda su zo ranar Asabar, har matan da ba Hausawa ba da suka auri 'yan Arewa suna neman a fitar da su kunyar miyar kuka. Allah bai ba mu haihuwa ba. In ana zancena a unguwa, ba a cewa uwar wane, sai dai a ce mai koyar da girkin nan. Abin da nake da shi ke nan a duniya, kuma na san garin da nake. Abuja ba ta jinyar kowa, maye gurbinka take yi. Ranar da aka ji hannun malamar girki ya mutu, za a zo a yi mini sannu da lemo a leda, a fita ana girgiza kai, sati na gaba a kai 'yan matan wani gida. Don haka tun a gadon asibiti na sa maigida ya rantse mini ba wanda zai ji. Aka gaya wa ɗalibai da maƙwabta na tafi Zariya yin azumi a gida. Ni kuwa ina ƙuryar ɗaki, labule a sake, ina murza hannu da man zafi.

Ƙaramar Sallah ce matsalar. In wata ya kusa tsayawa, tashar Nyanya kan cika maƙil, kowa ya nufi garinsu, Abuja ta zama kamar an share ta. Waɗanda suka rage su ne irin abokan maigidana, 'yan kasuwa da iyalansu ke can gida, su kuma ba sa iya rufe shago su tafi. Shekara da shekaru, in an sauko daga Idi, a falonmu suke cin tuwon Sallah. Tuwon shinkafa da miyar taushe, da waina mai zafi. Ba sa ganina. Ina daga ciki, mu gaisa ta bayan labule, maigida ya yi ta kai da kawo da kwanuka.

"Mu ce musu bana ba hali," in ji shi. "Ko kuwa kina Zariya har bayan Sallah."

"Malam, wace Sallah na taɓa yi a Zariya tun da muka zo garin nan? Washegari matansu za su fara bugo waya."

"To a sayo."

"A wajen wa? Duk mai sayar da tuwon kirki a yankin nan a kicin ɗina ta koya. Kuma kana jin mutanen nan ba su san hannuna ba?"

Ya dube ni. Na ce masa shi zai yi. Zan zauna a kujera in faɗa, shi ya zama hannuna. Ya yi dariya har ya ga ni ba dariya nake ba.

Mutum ne mai sayar da yadi. Ya san shadda ta gaske da taɓawa ɗaya, amma iyakar saninsa da wuta shi ne dafa shayi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa watan azumi kawai muke da shi. Sai ya riƙa rufe shago da la'asar ya dawo, ya cire riga, mu kulle ƙofa da taga don kada a ji muryata, tunda ai ina Zariya. Zafin kicin a rufe, ga shi da ƙishirwar azumi. Faɗa ma a raɗa nake yi masa, kuma wanda bai taɓa yin masifa a raɗa ba bai san yadda take ƙona ƙirji ba.

A nan na gane abin da ban taɓa sani ba game da aikina. Ashe ba da baki nake koyarwa ba. In yarinya tana tuƙi, wuyan hannunta nake kamawa mu juya muciya tare har ta ji nauyin tuwo yana canzawa. In za a sa gishiri, ni nake ɗiba in zuba mata a tafi ta ji. Yanzu sai ga namiji tsaye da ludayi yana tambayata, "Kaɗan ɗin nawa ne?" In ce, "Har sai ya yi." Ya ce, "Ta yaya zan san ya yi?" Shi yana azumi, ba ya yarda ko lasa ya yi, wai kada ya wuce masa maƙogwaro. Ni da ba na azumi saboda magani, ni ce mai ɗanɗanawa, kuma harshena lafiyarsa ƙalau. Wannan ma wata azaba ce. Ina jin duk abin da ya lalace, na san gyaransa, amma ba hannun da zan miƙa.

Ƙarfi kam yana da shi. Tuƙi yake yi kamar yana faɗa da tukunyar, tuwo ya fantsama har bango. Ƙullun waina ya kwana bai tashi ba, ya zuba a tanda ya juya da wuri, waje ya ƙone, ciki ɗanye. Gyaɗar miya kullum da gafinta, don ba ya haƙurin barinta ta dahu. Wata rana maƙwabciyarmu, wata Bagwariya mai sayar da doya, ta tare shi a ƙofa ina jin su.

"Oga, wa yana ƙone abinci a gidanka kullum kullum? Madam in ya dawo zai kashe ka o."

Ya yi dariya da ita. Da ya shigo na ce masa ko jaki aka koya wa haka da yanzu ya iya. Ya ajiye muciyar a hankali, ya sa rigarsa ya fita, bai dawo ba sai da aka sha ruwa a masallaci. Na zauna ni da tukunya muna kallon juna. Na tsani kaina, na tsane shi, na tsani hannun nan da nake ɗagawa da ɗan'uwansa in ajiye kamar tsumma. Washegari da la'asar ya dawo ya cire riga ya shiga kicin, duk bayan hannunsa tabon mai.

Zuwa goman ƙarshe ya ɗan fara kamawa. Ba daɗi ba, amma ana iya ci. Na fara sa rai. Ana jajiberi aka sanar wa maƙwabta na dawo daga tafiya, amma da gajiyar hanya, ina kwance.

Safiyar Sallah muka tashi tun asuba. Tukunyar baƙi babba ce, ba ta hawa kan gas, sai ya hura gawayi a ɗan tsakar gidanmu na baya ya ɗora shinkafa. Ya gama miya, ya soya waina, lokacin Idi ya yi. Ya ce zai je ya dawo kafin ruwan ya tsotse. Na san ƙarya ne, don ba a fita daga filin Idi ba a tsaya gaisawa ba, amma wa zai hana namiji sallar Idi saboda tuwo? Ina zaune a ɗaki na ji warin. Na ja ƙafa ina dafa bango har na isa. Na kama muciya da hagu, ta ƙi motsi. Na kama kunnen tukunya, ko gezau. Sau nawa na faɗa wa ɗalibai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka in ina son su taya juna aiki, ban san kaina nake yi wa magana ba. Na zaro gawayin da tsinken ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ina kuka, amma ƙauri ya riga ya ratsa tuwon har sama.

Da ya dawo ya kwashe na saman, ya tuƙa iya tuƙawarsa, ya malmala. Na ɗanɗana. Ƙauri kamar an dafa da tsumma. Miyar kuma, don ruɗewa, ya manta ya riga ya sa gishiri, ya sake sawa, yakuwa ta yi mata yawa, tsami har kunne. Ba sauran shinkafa, ba sauran lokaci. Muna cikin haka aka yi sallama a ƙofa.

Na koma ɗaki na zauna bakin gado kusa da labule, na ja hijabi na rufe hannun, ko da yake ba mai ganina. Suka cika falo da hayaniya da ƙamshin turare. Babbansu wani Bakano ne mai shagon takalma, mu kuma Zage-zagi, kowa ya san wasan da ke tsakani. Tun da na san Bakanon nan bai taɓa yabon girkina ba. Yana kai loma zai ɗaga murya, "Hajiya, bana gishiri tsada yake a Zariya ne?" alhali hannunsa na kan malmala ta uku. Sauran ma haka, kowa na kame bakinsa, don duk wanda daɗi ya kwashe shi ya ce "kai, wannan miya," sai falo ya ɗauka, "Santi! Santi!" a yi ta yi masa tsiya har wata Sallar. Ni kuwa ina ciki ina ƙirga waɗanda na kayar. Yabon da na sani ke nan.

Na ji an buɗe kwanuka. Na ji an yi bismilla. Sai hayaniyar ta ɗauke ɗif.

Ban taɓa jin falon nan shiru ranar Sallah ba. Ba abin da nake ji sai motsin hannuwa a kwano da wani yana kurɓar ruwa. Na jira tsiyar Bakanon. Wallahi addu'a nake yi ya zage ni, ya ce Zage-zagi sun ƙona tuwo, a yi dariya, in ce masa gawayin Kano ne aka sayar mini. Da ya yi haka da na tsira.

Ya yi gyaran murya.

"Hajiya, barka da Sallah. Sannu da aiki. Abinci ya yi daɗi ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

A hankali ya faɗa, da ladabi, irin muryar da ake shiga ɗakin mara lafiya da ita. Wani ya ce, "Ƙwarai kuwa, ya yi daɗi." Wani ma ya ce haka. Suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya ce santi.

Dole in amsa. Na kwana ina gwada kalmomin don su fita daidai, amma da na buɗe baki sai suka fito a jaye, harshe na tuntuɓe. "Na gode, Alhaji." Wani ya kawo zancen tsadar haya, suka kama shi da hannu biyu.

Ba su daɗe ba. Da can sai an kira la'asar ake korar su, ranar kuwa kafin azahar sun watse, kowa na yi mini sallama a tausashe ta bayan labule. Abin da na ɓoye wata guda a ɗaki mai kulle, loma ɗaya ta gaya musu. Kuma na san kafin dare ya kai Kano da Katsina ta waya, daga can ya dawo Nyanya ta bakin mata.

Maigida ya ɗaga labule ya shigo da kwanukan a jere a hannunsa, fuskarsa kamar an yi masa bushara. Ya karkata mini su in gani. Tas. Manyan mutane masu furfura sun zauna sun haɗiye ƙonannen tuwo da miya mai gishiri kamar kanwa, ba su bar ko loma ba, don kada kwano ya dawo ya ba ni kunya.

"Kin gani, Malama? Kin ji abin da suka ce? Ko ke ba su taɓa yi miki irin wannan yabo ba. Asiri ya rufu!"

Na dubi idonsa ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Duk gidan nan shi kaɗai aka ruɗa, shi da ya sha hayaƙin. Na ga zufa ta jiƙa masa sabuwar shaddarsa, na ga yadda yake jiran abin da zan ce, kamar yadda 'yan matan nan suke tsayawa in na kai cokali baki.

"Ka iya, Malam," na ce.

Bayan Sallah ba uwar da ta bugo tana tambayar yaushe za a koma aji. Lemo a leda ne ya fara zuwa, kowace ta ce wucewa take yi ta ce bari ta leƙo. Hannun bai dawo ba. Maigida kuwa har yau in azumi ya raba tsakiya, sai ya zauna kusa da ni da murnarsa ya ce, "To Malama, bana me za mu dafa musu?" Ni kuma in faɗa masa.