Ludayin Inna

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ludayi ne na buga a bakin tukunya, kamar kullum in na gama juya miya. Autata mai shekara tara tana bakin ƙofar kicin tana tsinke zogale, ta ɗago ta ce, "Mama, me ya sa kullum sai sau uku?"

Sai can na tuna haka Inna take yi. Inna mahaifiyata ce, ta rasu kafin a haifi yarinyar, ko hotonta na kirki ba mu da shi. Nan Gwagwalada kuwa ba dangin da za su ba ta labari. Na ga in na yi shiru, ita da kakarta har abada ba za su san juna ba. Washegari na sayi littafin rubutu.

Sati uku ina fama tsakanin wanki da girki, na cika shafi shida. Inna mace ce mai haƙuri, mai tsoron Allah, mai zumunci, mai kyauta. Da na karanta wa auta, ban kai shafi na biyu ba ta fara hamma, ta ce ko za ta iya zuwa wasa. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Na kai wa maƙwabciyata, tsohuwar malamar makaranta 'yar Filato, wadda muke musayar abincin Sallah da na Kirsimeti. Ta sa tabarau, ta ɗauko jan biro.

"Hajiya, wannan ai ta'aziyya kika rubuta," in ji ta. "Cire mamanki ki sa nawa, babu abin da zai canja."

"Haba Malama, to ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ƙarya ba, amma ban gan ta ba. Duk inda kika ce mai kaza, zan ja layi. Kin ce mai haƙuri. Wane rana? Wa ya ɓata mata rai? Me ke hannunta? Ki ba ni rana ɗaya tak, ki bar ta ta yi magana da bakinta. Kuma ki karanta a fili, inda harshenki ya yi tuntuɓe, gyara na wurin."

Ta miƙo min littafin ya yi jawur kamar an yanka kaza a kai. Ko sallamar kirki ban yi mata ba.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, ranakun da nake tunawa sarai ba irin waɗanda ake faɗa a kan mamaci ba ne. Inna akwai faɗa. Mu kuwa an tashe mu a kan cewa wanda ya riga mu gidan gaskiya, alherinsa kaɗai ake ambata. Sai in rubuta layi biyar, in yage, in yi istigfari. In koma kan "mai haƙuri", in ji kamar ina tauna dusa. Maigidana ya dawo daga ofis ya tarar da takardu a dunƙule cikin kwandon shara, ya ce, "Ke da kin yi mata sadaka ai da ya fi miki wannan wahalar." Sadakar ina yi. Amma sadaka ba za ta nuna wa yarinya fuskar kakarta ba.

Wata guda na ƙara, abin da ya tsira rabin shafi ne kacal, labarin rana ɗaya. Ranar da ina 'yar shekara goma na kifar da ƙwaryar gasarar da Inna ta wuni tana tacewa. Ta taso da ludayi, zani a cinya, tana cewa, "Ja'ira mai hannun kuɓewa, yau sai na ga mai cetonki!" Na zura a guje na maƙale bayan rumbu, ina jin takun sawunta. A nan na tsaya da rubutun, don har yanzu ban tabbata ko na kyauta mata ba.

Bayan la'asar na kira auta, na karanta mata. Na rufe littafin ina jiran ta ce za ta wasa. Sai ta riƙe min hannu.

"Mama, kar ki rufe mana! Kaka ta kama ki?"