Ranar da Malam Ya Gwada Bindigar Kafili

Shin Malam ya san idonsa ya tafi tun kafin a miƙa masa bindigar nan, ko kuwa a ranar ya gane, tare da mu? Shekara biyar ke nan da rasuwarsa ina juya wannan tambaya, ban samu amsarta ba. Ban tambaye shi ba yana da rai, don ina tsoron abin da zai ce. Ni ban yi karatu ba. 'Yar ƙanwata, wadda take aikin jinya a asibitin Al-Shumaisi, ita ce take rubuta mini wannan a ranar hutunta. In kuka ya zo mini sai ta ajiye biro, in ya wuce mu ci gaba.

Malam mijina ne, shekara arba'in da ɗaya muka yi tare. Gidansu gidan farauta ne, mahaifinsa shi ne Sarkin Baka a ƙauyenmu. Da bindigar toka ya tashi, irin wadda ake zuba mata albarushi ta baki, a danna tsumma, a sa dalma. Na taɓa ɗaga ta ina amarya don in yi shara, da hannu biyu na iya raba ta da ƙasa. Da gonaki suka cinye daji, nama ya ƙare, sai ya koyi tuƙi, ya zo Riyad ya kama aikin direba a gidan wani Balarabe. Shi ne kafilinmu, wato mutumin da takardar zamanmu take ƙarƙashin sunansa. Bayan shekara takwas kafilin ya yi mini biza na zo ina dafa wa tsohuwarsa, wato mahaifiyarsa, abinci. Aka ba mu ɗaki a bakin ƙofar gida, a unguwar Al-Shifa.

A iƙamar Malam, wato takardar zamansa, an rubuta direba. Lokacin mata ba su fara tuƙi a ƙasar nan ba, don haka shi ke kai matan gidan kasuwa da asibiti, shi ke kai jikoki makaranta. Muddin yana tuƙi muna da wurin zama. Ranar da ya daina, sai yadda kafili ya ga dama da mu. Wannan mun sani mu biyu, ba mu taɓa zama mun faɗe shi da baki ba.

Wata shekara da sanyi ya kama, babban ɗan kafili ya sayo bindigar harbin zomo, da takardunta da komai, da sunan mahaifinsa. Na fara ganinta a tsakar gida an shimfiɗa mata dadduma. Siririya ce, gindinta baƙar roba, ba katako ba. A gefenta akwai wani ƙarfe mai ƙulli kamar sakatar ƙofa. Shi ake ɗagawa a ja baya, kwanson harsashi ya fita, a tura gaba wani ya shiga. Duk harbi ɗaya sai an ja sakatar nan.

Malam ya leƙa cikinta ya tabbatar ba komai, ya kira ni.

"Hajiya, zo ki ɗaga ki ji."

Na ɗaga da hannu ɗaya. Na ce, "Ai taɓaryata ta gida ta fi ta nauyi."

"Taɓaryarki ta fi ta kashe mutum ma," in ji shi. Ya karɓe ta yana dariya.

Sau biyu ɗan kafili ya fita da ita bai kawo ko kunnen zomo ba. Ya ce mai kanti ya cuce shi, bindigar ba ta da saiti, zai mayar masa da ita ya yi masa tas a gaban mutane. Uban ya ce a dakata, akwai mafarauci a gida, a bari ya gwada tukuna.

A lokacin sanyi mutanen garin nan sukan kwashi iyali su fita sahara, su kafa tanti su wuni. Wata Asabar muka fita da mota biyu. Malam ya ja wadda take da mata da tukwane, ni ina baya da buhun shinkafa. Muka isa wurin da yashi yake ja da hantsi, na hura wuta a gefen tanti, inda nake ganin maza.

Da aka ba Malam bindigar bai harba ba. Ya rataya ta ya kama tafiya. Ya hau tudu ya sauka, ya kewaya ya ɓace mana, ya sake ɓullowa. Ɗan kafili yana ta duba agogo yana cewa, "Yalla ya Hajji, mun kawo ka ka harba, ba ka yi mata yawon buɗe ido ba." Malam ya ce a gidansu ba a yi wa bindiga shaida sai an ɗauke ta rabin wuni, domin mafarauci tafiya yake yi daga safe zuwa yamma, harbin kuwa bai fi ƙiftawar ido ba. Da ya dawo ya zauna, ya ja sakatar ya tura, ya ja ya tura, ya fi sau ashirin, kansa a sunkuye yana saurare. Ya taɓa kunamar a hankali da ɗan yatsa har ta ce ƙyas.

Sannan aka kai gwangwanin madara aka ajiye a gindin tudu, taku ɗari. Malam ya durƙusa da gwiwa ɗaya yadda ya saba. Ya harba, yashi ya tashi can gefen dama. Ya ja sakata ya sake, ya tashi a sama. Na uku ma ban ga inda ya faɗa ba. Gwangwani na nan zaune.

Ɗan kafili ya tafa hannu. "Ba na faɗa ba? Ko Hajji ta ƙi. Gobe tana kanti."

Aka kira azahar, maza suka tafi alwala. Malam ya biyo ta wurin wutata.

"Hajiya, ba ni ruwa."

Na ba shi ya sha. Na ce, "Ashe da gaskiyar yaron, bindigar ce."

"Bindigar lafiyarta ƙalau. Gwangwanin ne ban gani ba."

"Kamar yaya ba ka gani ba?"

"Na ga tudun. Na ga wani abu fari-fari yana rawa. Shi na yi ta harbi."

Ludayi na hannuna, na kasa ajiye shi. A take abubuwa suka dawo mini: shayin da ya zuba a gefen kofi, yadda yake tambayata wa ke bakin ƙofa alhali mutum na tsaye a gabansa, yadda ya fara cewa bayansa na ciwo duk lokacin da aka ce a fita bayan magariba. Na ga wannan duka a lokacinsa, na kawar da kai.

Na rage murya na ce, "To ka yi shiru. Yaron ya riga ya ce ta lalace. Ka ce haka ne, a mayar da ita, kowa ya huta."

"In ce ta lalace."

"Ƙarfe ne fa, Malam. Ba za ta kai ƙararka wurin kowa ba."

"Mai kantin fa? Shi ma ƙarfe ne?"

"In aka karɓi mota a hannunka ina muka nufa? Ɗakinmu na ƙauye ruwa ya rushe shi tun bara waccan. Da tsufanmu za mu je mu raɓa a gidan 'yan'uwa?"

Ya tura itace cikin wuta. Can ya ce, "Ke in tuwonki ya yi gudaji, tukunya kike zagi?"

"Ina zaginta mana, in ba kowa kusa."

Ya yi 'yar dariya, ya ajiye kofin ya tafi salla.

Na san abin da ke ransa, don na zauna a gidansu. A wurinsu in mafarauci ya yi kuskure, ba ya buɗe baki ya aibata bindiga sai ya miƙa wa wani ya harbi abin da ya kuskure. Wanda ya ɗora wa bindiga laifinsa, Sarkin Baka karɓe ta yake yi, ya yi kaka guda yana bin mutane da kulki. Ba camfi ba ne. Wanda ya yarda bindiga ce ba ta da ƙarfi, gobe sai ya ƙara mata albarushi. Akwai ƙanin mahaifinsa da ya yi haka, ta fashe a hannunsa, da yatsu biyu ya ƙare rayuwarsa.

Bayan an ci abinci Malam ya zo ya ɗauki ragowar buhun shinkafata, ya kai ya ajiye a ƙasa. Ya ce da kafili ya kwanta rubda ciki. Mutum ne mai jiki, ga farar riga, 'ya'yansa mata na dariya daga bakin tanti, amma ya kwanta. Malam ya ɗora masa bakin bindigar a kan buhun, ya dafa masa kafaɗa, ya ce ya ja numfashi, ya saki rabi, ya riƙe rabi, ya matsa kunama kamar mai taɓa ƙwai. Kafili ya harba, gwangwani ya yi tsalle. Aka gyara shi, ya sake, ya sake yin tsalle. Sau uku.

Larabcina na kicin ne, amma na Malam ina gane shi, don a bakin Bahaushe yake fitowa. Ga abin da na ji ya ce musu. Ya ce kada a mayar da ita. Ya ɗauke ta rabin wuni kafaɗarsa ba ta san an ɗora mata komai ba, kuma da mahaifinsa ya samu irinta da ya ƙara shekara goma a daji. Sakatarta ba ta cijewa, ko yashi ya shiga a goge da tsumma ta wuce. Kunamarta ba ta da taurin kai. Harbi ɗaya da take yi kafin a sake jan sakata ba aibi ba ne, yana koya wa mutum ya tabbata kafin ya saki. Amma ya ce rashin nauyin nata shi ne kuma wahalarta. Bindiga mai nauyi ita ke riƙe kanta, wannan kuwa numfashinka take bi, iska ma juya ta take yi. Wanda ya tsaya a tsaye ya fizgi kunama ba zai sami komai ba. A nan ya juya wajen ɗan kafili, yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce kuma bakinta siriri ne, in aka jera harbi biyar ya yi zafi sai a bari ya huce. Ta mai tafiya da haƙuri ce, ba ta mai wasa da harsashi ba.

Kafili ya tashi yana kakkaɓe riga. Ya ce, "To kai fa, ya Hajji? Kai ba ka fizgi kunama ba."

Malam ya ce, "Ni ido ne. Ban ga gwangwanin ba."

Na ga kafili ya waiwaya ya dubi jikokinsa da ke birgima a kan yashi. Kafin ya juyo, makullin mota na tafin hannun Malam, ya miƙa. Ban ga lokacin da ya ciro shi daga aljihu ba. Wannan makullin shi ne ya bar ni da tambayar da na fara da ita.

Kafili da kansa ya ja motar zuwa gida. Malam ya zauna a baya kusa da ni, tukunya a kan cinyarsa.

Mutumin bai wulaƙanta mu ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kai Malam wurin likitan ido. Aka ce ciwon suga ne ya ci jijiyar, ba yana ba ce da za a kankare. Ya ce mu zauna har iƙamar Malam ta ƙare, wata bakwai, daga nan a yi mana shirin komawa gida. Aka ɗauko wani direba.

Ni kuwa sati biyu na yi ba na yi masa magana sai ta dole. In ajiye abinci, in ɗauke kwano. Ga shi na san da idon nan yake kai yara makaranta, na san shi ke da gaskiya, amma na kasa haɗiye fushin. Wannan sati biyun yanzu shi ya fi komai ci mini rai. Bai taɓa tuna mini da shi ba.

Ya koma zama a kan kujera a bakin ɗakinmu. Duk Juma'a bayan masallaci kafili yakan fito da bindigar ya zauna kusa da shi, Malam ya zare sakatar ya goge, ya shafa mai ya mayar, duk da lalube. Zomon farko da aka samu da ita mu aka aiko wa. Na yi masa farfesu, ya ci ya ce gishiri ya yi yawa.

Bai kai ƙarshen wata bakwai ɗin ba. A cikin na biyar, ana tsananin zafi, Allah ya karɓi abinsa. A nan Riyad aka binne shi. Tsohuwar kafili ta ce ba inda zan je, shi ya sa har yau ina ɗakin nan, kujerar tana inda ya bar ta.

Ranar da ya rasu, bayan la'asar ne. Na fito daga cikin gida da faranti a hannu, zan kai kicin. Yana zaune a kujerarsa, carbi a hannu. Ya ji takuna ya ɗago kai. Na ce masa ina zuwa, bari in ajiye wannan. Da na dawo na tarar kansa ya jingina da bango, carbin na ƙasa. Abin da ya ce mini kafin in wuce, ban kuwa tsaya na matsa ba, shi ne:

"Hajiya, ke ce? Matso kusa, daga nan ba na ganinki."