Ranar da Baffa ya zo ganin garkena

Jiya ina cikin jera littattafai sai na hango Baffa, ƙanen mahaifina, yana tuɓe takalmi a ƙofar laburare kamar zai shiga masallaci. Takanas ya taso daga Miga don ya ga aikin da digiri biyu suka sama mini a Dutse.

Ya zagaya yana jinjina kai, sannan ya yi ƙasa da murya: "Duk kai kake kiwon waɗannan? Nawa suke ba ka?"

Na faɗa masa.

"Na sati ne?"

"Na wata ne, Baffa."

Dariya ta ƙwace masa har masu karatu suka ɗago kai. Ya ce, "Haba Buba! Ai ko makiyayin haya, ban da ci da sha, maraƙi ake ba shi duk shekara."

Yau da safe mai babur ya sauke mini tunkiya mai ciki a gidanmu na Limawa. Wai in ji Baffa, tunda albashina ba ya haihuwa, ga wadda za ta haihu.

Wallahi har yanzu bakina ya ƙi rufuwa. Ku fa, wa ya tallafe ku a farkon aikinku?