Mai Gadi da Dawakan Waɗanda Suka Tafi

Akwai maɓalli ɗaya a kwamfutar ɗakin baya wanda harafinsa ya goge, har tsakiyarsa ta lotsa daidai kan yatsa. Na gan shi ne ranar da na kai takardun kammala karatuna shagon, ina jiran injin fotokwafi ya huce. Ban tambaya ba. Sai da na yi wata biyu ina zuwa kafin na san da shi ake ba dawakai ruwa.

Mai shagon dattijo ne, 'yan wasa na kiransa Mai Gadi. Kowace safiya, kafin ya buɗe ƙofar gaba, yakan shiga ɗakin baya, ya rataye hularsa a ƙusa, ya dafa bayan kwamfutar kamar mai duba zazzaɓi, sannan ya buɗe wani littafi mai baƙin bango. A cikin kwamfutar nan akwai duniya guda: wasan yaƙi irin na zamanin da, inda kowane ɗan wasa ke gina garinsa, ya kewaye shi da ganuwa, ya tara dawakai da maharba, ya ƙulla amana da maƙwabci ko ya kai masa hari. Kamfanin da ya yi wasan ya rufe shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya bar wa masu so su riƙe abinsu. Mai Gadi ne ya riƙe. A lokacin 'yan wasan sun haura ɗari huɗu. Yau mu tara ne, har da shi, har da ni da na shigo a ƙarshe.

Wasan yana da doka ɗaya mara tausayi. Garin da mai shi ya yi kwana arba'in bai leƙa ba, ciyawa za ta hau ƙofarsa, ganuwa ta zube, ya zama kufai, kuma ba ya dawowa. An taɓa gwada cire dokar, duniyar ta tsaya cak kwana biyu, aka mayar da ita. Shi ya sa duk wanda zai tafi kuma ba ya son garinsa ya zube, wanda aure ya ɗauke, wanda aiki ya kai nesa, wanda kawai ya gaji, yakan bar wa Mai Gadi kalmar sirrinsa, a rubuta a littafin nan. Gari ɗaya, shafi ɗaya. Sun kai ɗari da goma sha ɗaya. Yana shiga uku kowace safiya, ya danna maɓallin nan, dawakai su sunkuya a bakin rijiya, ya fita. Kwana talatin da bakwai ya zagaye su duka, ya sake farawa. Kwana ukun da suka rage, in ji shi, na zazzaɓi ne.

Na sha tsayawa a bayansa ina kallo. Garuruwan suna nan shiru kamar an yi musu barci. Tutoci na kaɗawa, jiragen ruwa na lilo a bakin gaɓa, masu gadi na kai da komo a kan ganuwar da ba wanda zai kawo wa hari. Wani garin an bar shi da rabin gada. Wani kuma an jera sojoji a ƙofar gabas, shekara tara ke nan suna jiran a ce su tafi.

Direba, wanda ya fi kowa surutu a cikinmu, shi ke ba da labarin kewayen da ya yi wa garin Mai Gadi, gari mafi tsufa a taswira, mai ganuwa uku. A maƙwabtaka akwai garin Injiniya, wanda ya rasu shekara guda kafin nan, da mahaya dubu a tsaye, kalmar sirrinsa kuma tana cikin littafin.

"Kwana goma sha ɗaya ina jiran ya fito min da su," in ji Direba. "Da na ga shiru na kira shi. Na ce, Baba, ka hau dawakan Injiniya mana, wallahi ba zan ji haushi ba. Ka san me ya ce? Wai ruwa aka ce ya ba su, ba a ce ya hau ba."

Garin ya faɗi. Direba ya ce bai taɓa cin nasara mai salam irin wannan ba. Mai Gadi kuwa ya koma can gefen taswira ya kafa ƙauye mai rijiya ɗaya da dawakai huɗu, har yau bai ƙara masa ko bukka ba.

Matar Injiniya takan zo Asabar ɗin farko ta kowane wata. Ba ta taɓa komai. Takan zauna a kujerar roba, ta ɗora jakarta a cinya, ta ce, "Baba, kai ni bakin kogin." Akwai lambu a wurin, cikin garin mijinta, an sa masa sunanta. Ta ce yana da rai ba abin da ke haɗa su faɗa kamar wasan nan, har wayar wuta ta taɓa ɓoyewa. "Ashe mutumin lambu yake mini a ciki, ni ina falo ina zaginsa." Ta yi dariya, ta goge ido da gefen mayafi.

Anti Nas, ɗaya daga cikinmu, ta yi shekara huɗu tana aiki a wani asibiti mai nisa. Da ta dawo ba ta ma tambayi garinta ba, don ta san lissafin kwana arba'in, ba ta kuma zaci kalmar sirrin da ta bari za ta yi amfani har haka ba. Mai Gadi ya juya mata fuskar kwamfutar kawai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Har tutata?"

Kai ne, Baba, ka yi shekara goma sha huɗu kana gadin gidajen da masu su ba su ce za su dawo ba. Kai ne aka ba makaman mutum ɗari ba ka zare ko ɗaya ba, ko ranar da naka garin ke ci da wuta. Da yawa a cikinsu sun manta sunan garin nasu. Kai ba ka manta ba. Mai riƙon amana, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba idonka lafiya.

Ido ne ya kawo mu nan. Watan jiya Tela, wanda ba ya magana sai ta kama, ya lura ciyawa ta fara hawa ƙofar wani gari a kudu. Kwana talatin da tara. Mai Gadi ya tsallake shafi bai sani ba, ya ba wani garin ruwa sau biyu. An ceto shi saura kwana ɗaya. Likita ya ce ya daina kallon hasken kwamfuta in yana son abin da ya rage na ganinsa. 'Yarsa za ta karɓi shagon, ta kuma ce kwamfutar ta zauna a inda take, amma ita ba ta san doki ba balle rijiya. In ba a samu mai karɓar littafin ba, cikin kwana arba'in garuruwan za su zube ɗaya bayan ɗaya, har da lambun bakin kogi.

Ga mai karatu, ba na cewa ka zo ka koyi wasanmu, ko da yake akwai fili a taswira. Amma ka duba, wataƙila akwai abin da wani ya bar maka ya tafi, ɗan aikin da ba mai gani in ka yi, ba mai gani in ka bari. Ka yi shi gobe da safe.

Asabar da ta wuce, da hantsi, muka taru mu tara a ɗakin baya. Mai Gadi ya ajiye littafin a kan tebur, ya koma kusa da ƙofa ya zauna.

"Ni fa mutum ɗaya ba zai iya ba," in ji Direba. "Ni da nake fita tun asuba?"

"Wa zai ba ka duka?" Anti Nas ta ce. "Kai da za ka kwashi dawakan mutane ka kai mana hari kafin azahar."

"Anti, wannan sharri ne!"

"A raba," in ji Tela. "Mu takwas ne ban da Baba. Kowa ya ɗauki nasa."

Aka hau gardama. Direba ya rantse a ba shi garin Injiniya, ko kofaton doki ba zai motsa ba. Anti Nas ta ce sai ya rubuta ya sa hannu. Tela ya lissafa a tafin hannunsa ya ce ɗari da goma sha ɗaya ba ta rabuwa takwas, wani zai samu sha uku, sauran sha huɗu. Aka miƙo mini littafin in ƙirga, tunda ni ce mai digiri.

Na ƙirga sau biyu. Ɗari da goma sha biyu ne. Shafin ƙarshe sabon rubutu ne, manyan haruffa masu karkata irin na wanda ba ya ganin layi: ƙauye mai rijiya ɗaya, dawakai huɗu, da kalmar sirri a ƙasa.

Na ɗaga kai in nuna masa na gani. Kujerar bakin ƙofa ba kowa, hular ma ba ta kan ƙusa.